Guntuwar wayar da ke kashe na'urar rediyo mai tsada

Sau da yawa ɗan'uwa da ke waje zai aiko wa na gida da na'urar watsa murya ta rediyo, haɗe da amfili mai ƙara mata ƙarfi. A haɗa su, a kunna, sai na'urar ta riƙa ɗaukar zafi, muryar kuma ba ta zuwa ko'ina. Nan take sai a ɗora laifin a kan wutar lantarki ko zafin bazara, alhali kuwa matsalar na iya kasancewa a ƴar guntuwar wayar da ta haɗa na'urorin biyu.

Kusan duk na'urorin masu sha'awar rediyo, irin waɗanda a Nijar lambar kiransu ke farawa da 5U, an ƙera su ne su tura ƙarfinsu cikin turjiyar om 50. Dole mashigar amfilin ta kasance om 50, haka ma wayar. In aka samu saɓani, wani kaso na ƙarfin yakan juyo baya, kamar ruwan da aka tura cikin bututun da ya tsuke. Ma'aunin wannan shi ake kira SWR. Idan ya nuna 2:1, kusan kashi 11 cikin ɗari ne ke dawowa. A 3:1 kuwa, rubu'i ne cur. Na'urorin zamani sukan rage ƙarfinsu da kansu don kada su ƙone. Waɗanda ba su da wannan kariya, taransistocinsu ne ke biyan bashin.

Wayar da ta fi sauƙin samu a kasuwa ita ce ta tauraron ɗan'adam da talabijin, ita kuwa om 75 ce. A ido duk ɗaya suke, shi ya sa ake ruɗuwa. A mita 145 megahaz, guntun da bai kai rabin mita ba na iya sa na'urar ta ga om 112 maimakon 50. Masu kula da gidajen rediyon al'umma na FM ma wannan lissafin ya shafe su.

Tsofaffin amfili masu kwalba suna da tasu rigimar: mashigarsu ba lalle ta zama om 50 ba, sai an daidaita ta da nannaɗaɗɗiyar waya da kondansa, kowane zango da nasa.

Masu gyara na ƙwarai kan saka ma'aunin SWR tsakanin na'urorin biyu, su fara gwaji da ƙaramin ƙarfi, wat biyar ko goma, kafin su ƙara.