Uwargida, Albashin Maigida Haƙƙinsa Ne

Sau da yawa rigimar miji da mata daga wurin aikin maigida take biyo shi gida. Mutum ya yi wata uku yana zuba mai a gidan mai a Birnin Kudu, ko yana tsaron shago a kasuwar Sara ta Gwaram, amma kullum sai a ce masa, "Ƙara haƙuri, kasuwa ba ta tafiya." Ya dawo hannu rabbana, tukunya ba ta hau murhu ba, uwargida ta ɗauka rowa ce, ko kuma wata yake nema a waje. Shi kuwa bawan Allah tsoro yake ya buɗe baki a kore shi.

To 'yar'uwa, ki sani hukuma ba ta bar wannan magana haka nan ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce kada biyan albashi ya wuce wata guda, kuma da kuɗi za a biya, ba da kayan shago ba. Cikin wata uku da fara aiki, dole a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana aikinsa da albashinsa. Ko da baki aka yi yarjejeniya, doka ta san da ita.

Batun kora fa? Dokar ta hana a sallami mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Ta kuma sa a ba da sanarwa kafin sallama: mako guda ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa 5, wata guda ga mai shekara 5 zuwa sama, ko a biya shi kuɗin kwanakin. Sallama kuwa ba ta goge bashin baya.

A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, sai dai bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Amma ko yaro ɗaya ne da shi, abin da suka yi da shi dole ya cika.

Saboda haka ki taya maigida rubuta ranar da ya fara aiki da duk abin da aka ba shi, a kuma samu shaidu. A fara da sulhu ta hannun dattawa ko mai unguwa. In ta ƙi, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Dutse, in nan ma ta gagara, akwai Kotun Ma'aikata a Kano, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un aiki.

Ku kuma masu ɗaukar aiki, ku ji tsoron Allah. Kuɗin nan da kuka riƙe, cefanen wata baiwar Allah ne da kuɗin makarantar 'ya'yanta.