Makaɗan Finafinan Hausa: Sun Yi Shuka, Wasu Sun Girbe

Duk wanda ya taso a Daudawa ko Faskari a shekarun kaset na bidiyo ba zai manta da cunkoson gidajen kallo ba, musamman da kaka in manoma sun sayar da auduga. Kowa ya san jarumin fim, wasu ma sun san mawaƙin. Amma tambayi wanda ya kaɗa sautin da ya sa mata share hawaye da bakin mayafi, sai ka ga ana kallon-kallo.

Cikin waɗanda suka share wannan fage a Kano akwai Nasir Usman Ishaq Gwale. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinai sun buƙaci kiɗan da zai raka labari, ga shi kuma ba su da kuɗin tara makaɗa. Da ƙaramar fiyano ƙirar Casio Malam Nasir ya toshe wannan giɓi. A hannunsa Ali Baba Yakasai da Shu'aibu Lilisco da Mukhtar Kwanzuma suka koyi sana'ar. Da ɗakin kiɗa na Iyan-Tama ya kawo fiyanon Yamaha mai kwaikwayon sarewa da ganga, sai harkar ta sauya. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta game gidajen biki har Maraɗi, aka koma sayen fim saboda kiɗansa.

To, ina rabon makaɗin? A wancan zamani, galibi ladan aikin yini ake ba shi, a sallame shi, kaset ya yi ta shiga kasuwa. A Indiya, inda muka aro salon, A.R. Rahman ya fara da fim ɗin Roja a 1992, ya karɓi kyaututtukan Oscar biyu a 2009, ana kuma rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a jikin fosta.

Mun adana tarihin Mamman Shata domin an yi hira da shi, an kuma rubuta. Waɗannan makaɗa ma sun cancanci haka tun ƙasa ba ta rufe idon masu ba da labarin ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'in Kano da Katsina su tattara ayyukansu, masu shirya finafinai kuma su sanya sunan makaɗi a fosta, su ware masa kaso a yarjejeniya. Yaba kyauta tukuici.