Masu Kwance Ƙullin Firgici

Wanda ya tsira daga harin dare, raunin jikinsa kan warke amma barci ya ƙaurace masa. Ƙarar babur ko ƙaurin hayaƙi ya isa ya mayar da shi wancan dare. Kudancin Kaduna ya san wannan ciwo tun rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011. Jinyarsa sana'a ce ta masana halayyar ɗan Adam, kuma cikin dabarunsu akwai ta motsa ido, wato EMDR. Wata Ba'amurkiya, Francine Shapiro, ta faro ta a 1987, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita a 2013.

Kayan aikin ba su da yawa: kujeru biyu, ɗaki mai sirri, da yatsu biyu. Abin sarrafawa shi ne abin da idon mutum ya gani ya kasa mantawa. Matakan takwas ne, kuma gwani ba ya gaggawa. Sai ya ji tarihi, ya koya wa majinyaci yadda zai kwantar da numfashi, kafin a taɓa ciwon.

Ranar aiki sai ya ce, "Mama, ki riƙe hoton nan a zuci. Daga sifili zuwa goma, zafinsa ya kai nawa?" Ta faɗa. Ya ɗaga yatsunsa yana kai su dama da hagu, idonta na bi, na kusan rabin minti. Ya tsaya. "Ja numfashi. Me ya zo miki?" A sake, a sake, har lambar ta sauka. Masana da dama na ganin hankali ba ya iya riƙe hoton da ƙarfi yayin da yake bin yatsu, shi ya sa zafin ke dusashewa. Abin da ya faru yana nan, amma ya daina shaƙe ta. Zama ɗaya kan ci awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Jarin sana'ar karatu ne: digiri, ƙwarewar asibiti, sannan horo na musamman mai tsada a ƙarƙashin wani babba. Samun kuwa kaɗan ne, domin manomin da aka ƙone wa rumbu ba shi da kuɗin zama shida, balle na motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Da yawa daga masu sana'ar ƙungiyoyin agaji ke biyansu, in tallafi ya yanke aiki ya tsaya. Ga tsoron mutane kada a ce musu mahaukata, ga nauyin labaran da mai jinya ke komawa gida da su.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta buɗe ƙofa. Abin da ya rage shi ne a horar da 'ya'yan yankin, masu jin Hausa da Tyap da Jju da Fulfulde, a ba su ɗaki da albashi a asibitocin Kafanchan da Zonkwa, yadda mai ciwo zai faɗi damuwarsa da harshen uwarsa.