Haƙorin dashe

Yaro yana da haƙora 20, haƙoran nono. In sun zube, wasu suna fitowa. Babba yana da haƙora 32. In nasa ya fita, ba ya sake tsirowa. Sai giɓi.

Mai giɓi yana shan wuya wajen tauna nama ko gujiya. Shi ya sa likitoci suke dasa haƙori. Wani likitan ƙasar Suwidin, mai suna Branemark, ya yi wa mutum irin wannan dashe a shekarar 1965.

Likita yana huda ƙashin muƙamuƙi. Yana sa ƙusa ta ƙarfen titaniyom. Bayan ƴan watanni, ƙashi ya kama ƙusa. Sa'annan ya ɗaura haƙori bisa kanta.

Haƙorin dashe ba ya ruɓewa, amma yana son tsabta. In dauɗa ta taru, dasashi ya kumbura, ƙashi ya zaizaye, ƙusa ta yi girgiɗi. Saboda haka a yi asuwaki safe da dare. A kurkure baki bayan cin abinci. Kada a fasa ƙashi da shi. Kada a buɗe kwalba da shi.

Mai haƙorin ba ya cire shi da kansa. Wanzami ma ba ya taɓa shi. Likitan haƙori kaɗai yake kwance shi, ya wanke, ya mayar. Daga Falanko sai an tafi babban birni, kamar Damagaram ko Yamai. Tafiya da nisa, aiki da tsada. Yara, ku kula da naku haƙoran.

Tambayoyi
1. Haƙora nawa babba yake da su?
2. Wa yake cire haƙorin dashe?