Tarihin Injin Jirgin Ruwa na Ratayawa da Yadda Ake Farfaɗo da Tsofaffinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Yawuri ko Baga ya san injin nan da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, a ja igiya ya tashi. Ana kiransa na ratayawa ne saboda ba a gina shi a cikin jirgi. Ɗaure shi ake yi a katakon baya, idan an gama aiki a kwance shi a saɓa a kafaɗa a kai gida. Asalinsa daga Turai da Amurka yake, kuma a can ne al'adar adana tsofaffinsa ta fi ƙarfi.

A shekarar 1881 wani Bafaranshe mai suna Gustave Trouvé ya gwada ƙaramin inji mai aiki da batir a kan kogin Seine a birnin Faris. Mai amfani da fetur ya biyo baya a Amurka, inda Cameron Waterman ya nemi rajistar nasa a 1905. Amma wanda ya mayar da abin sana'a ta gaske shi ne Ole Evinrude, wanda aka haifa a Norway a 1877, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa jihar Wisconsin yana yaro. Ana ba da labarin cewa wata rana ya tuƙa kwale-kwale da filafili cikin zafin rana don ya sayo wa budurwarsa Bess Cary askirim, kafin ya dawo ya narke, shi ne ya ƙuduri aniyar ƙera inji. Ko labarin yana da ƙarin gishiri ko babu, a 1909 ya fara sayar da injinsa a garin Milwaukee. Silinda ɗaya gare shi, ƙarfinsa doki ɗaya da rabi, nauyinsa kimanin kilo 28. Bess, wadda ya aura, ita ta riƙe harkar talla da lissafi.

Rashin lafiyarta ya sa ya sayar da kasonsa a 1913, bisa sharaɗin ba zai koma sana'ar ba sai bayan shekara 5. Da ya dawo a 1921 ya fito da ELTO, mai silinda biyu da ƙarfin doki 3, wanda ya fi na farkon sauƙin ɗauka domin an yi amfani da alminiyam a jikinsa. Shekara guda bayan haka 'yan'uwan nan na gidan Johnson suka fito da nasu. A 1936 aka haɗe Evinrude da Johnson a kamfani ɗaya, sannan Carl Kiekhaefer ya kafa Mercury a 1939. A Ingila kuwa, British Seagull ne ya yi suna tun daga shekarun 1930, inji maras kyan gani mai yawan hayaƙi, amma mai wuyar mutuwa. An daina ƙera shi a 1996.

Kamfanonin Japan sun shigo daga baya: Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, Honda a 1964, Suzuki a 1965. Su ne suka mamaye ruwayen Afirka ta Yamma, shi ya sa masunta da masu fito a tafkin Chadi da na Kainji suka fi sanin Yamaha. Sunan Evinrude kansa ya kau daga kasuwar sababbin injuna a 2020. Saboda haka duk wanda ke hannun mutane yanzu, idan ya lalace aka sayar wa 'yan gwangwan, ba za a sake samun madadinsa daga masana'anta ba. Wannan ne ya ƙara wa aikin masu farfaɗowa daraja. A Amurka suna da ƙungiya tun 1965, wato Antique Outboard Motor Club, inda suke haɗuwa su yi musayar kayan gyara da littattafan masana'anta.

Abin da ya sa injin da ya shekara 70 a ajiye yake iya tashi shi ne sauƙin ƙirarsa. Yawancinsu masu bugu biyu ne, wato irin na tsofaffin babura da ƙaramin janareta, waɗanda ake gauraya musu baƙin mai a cikin fetur. Ba su da bawul, ba su buƙatar batir. Wutar fulogi tana fitowa ne daga maganaɗisun da ke cikin faifan ƙarfen nan mai nauyi na saman injin.

Mai farfaɗowa yakan fara da lambar da aka buga a jikin injin, domin ita ce za ta nuna masa shekarar ƙira da kayan da suka dace. Sai ya juya faifan da hannu. Idan ya ƙi motsi, to fistin ya kama da tsatsa, maganinsa kuma haƙuri ne: a cire fulogi, a zuba mai a ramin, a bar shi kwanaki ko makonni ana ɗan girgiza shi. Mai gaggawa da ya ɗauko guduma yakan karya ringi ko ya fasa silinda. Bayan nan sai wuta. Koyil ɗin injunan Johnson da Evinrude na shekarun 1950 ya shahara da tsagewa idan ya tsufa, don haka akan canza shi tare da kwandensa, a goge fuskar foyin. Kafireta kuma akan same ta cike da daskararren tsohon fetur kamar ƙaro, sai an wargaza ta an wanke kowace ƙofa.

Akwai kurakurai biyu da suka fi kashe irin waɗannan injuna bayan an sha wahalar gyara su. Na farko shi ne tayar da su a tudu. Da ruwan kogi suke sanyaya kansu, kuma a yawancin na bayan yaƙin duniya na biyu wata 'yar farfelar roba ce ke tura ruwan sama. Idan ta juya a bushe, nan take take ƙonewa, don haka a cikin duro cike da ruwa ake gwaji. Na biyu shi ne awon mai. Injunan da suka zo daga baya suna shan kashi 1 na baƙin mai a cikin kashi 50 na fetur, amma tsohon Seagull kashi 1 cikin 10 yake so, wasu tsofaffin na Amurka kuma 1 cikin 16 ko 24. Wanda ya auna masa da awon zamani ya bar shi da ƙishin mai, kuma ba zai jima ba zai ci ƙarfensa. Haka nan akan duba man giya da ke ƙasa kusa da farfela. Idan ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai an canza robobin da ke toshe shi.

Inda masu wannan aiki suka rabu shi ne batun fenti. Wasu sukan kankare injin tas, su fesa sabon launi, su manna sabon tambari har ya fi ranar da aka saye shi sheƙi. Wasu kuma sukan gyara cikinsa kawai, su bar jikinsa da ƙwarzanensa. A ganinmu, ga wanda tarihi ya dama, hanya ta biyu ta fi. Walda da wani bakanike ya yi a bakin ruwa, ko ƙusar da aka sa a madadin fil ɗin farfela da ya karye, shaida ce ta yadda aka yi aiki da injin da kuma hannun da ya ratsa. Idan ya zama dole a canza wani abu, masu kula sukan ajiye tsohon a cikin leda tare da takardar da ke nuna ranar da aka cire shi da dalilin cirewar.