Liyari Mai Shekarar 1780: Yaya Ake Gane Na Jabu?

A ƙasar Bahindi da Bagudo, daura da iyakar Jamhuriyar Benin, akan ga tsofaffin kuɗaɗen azurfa cikin kayan adon matan Fulani. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne liyari, mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wanda fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa da Barno ta hanyar Sahara. A bayansa an rubuta 1780, sai mai shi ya ɗauka shekarun kuɗin ke nan. Ba lalle ba ne. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, amma aka ci gaba da buga kuɗin ba a sauya lambar ba, domin 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda ya saɓa wa abin da suka saba gani. An buga shi a Landan da Faris da Bombai da Rum a ƙarni na 20, har yau kuma ana buga shi a Biyana. Duk waɗannan na gaske ne. Na jabu shi ne wanda azurfarsa ba ta cika ba.

Wannan ha'inci tsoho ne. Rumawa sun fara buga kuɗinsu na azurfa, dinariyus, wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga sunansa Larabawa suka sami "dinari", Hausawa kuma "zinariya", ko da yake asalinsa farin ƙarfe ne. Masu jabu na wancan zamani sukan naɗe jan ƙarfe da fallen azurfa, su gasa, sa'an nan su buga masa hatimi. Sai ya goge, jan cikin ya leƙo. Shi ya sa ake samun dinariyus da yawa ɗauke da saran da 'yan canji suka yi don su ga cikinsu.

Ɗalibi ba ya bukatar sara. Liyari na gaske nauyinsa giram 28 ne, kashi 83.3 cikin 100 azurfa, saura jan ƙarfe. A ɗaure shi da zare, a auna, sa'an nan a sake aunawa yana nutse cikin ruwa. Ya kamata ya ragu da kimanin giram 2.75. Idan aka raba nauyin farko da wannan ragi, za a sami kusan 10.2. Jan ƙarfe zalla bai kai 9 ba. Sai dai a tuna, hudar rataya da maƙeri ya yi takan rage nauyin farkon.

Mai wayo yakan garwaya darma don lissafin ya daidaita, amma kunne kan tona shi: azurfa tana amo mai tsawo idan an ƙwanƙwasa ta, darma kuwa ba ta amo. A kuma duba gefe. Na gaske yana da rubutun Latin a kewaye, na zubi kuwa rubutunsa a dushe yake, da ɗan layi inda ɓarin tukunyar zubin biyu suka haɗu.