Gansakuka a Kandamin Kifi: Abin da Ke Sa Take Dawowa

Daga ƙarshen Satumba, idan ruwan sama ya ɗauke a ƙasar Gaya da Ajingi, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu sai su fara ja da baya. A Balan, haka a Kademi ko Toranke, duk mai bi ta gefensu ya san yadda fuskar ruwan ke komawa kore shar kafin sanyi ya kankama. Gansakuka ke nan. Da can ba ta dami kowa ba, in ban da mai wanki da yaron da santsinta ya kayar. Yanzu da matasa suka rungumi kiwon tarwaɗa a kandamin siminti da na tamfol a bayan gida, ta zama abin da ake kwana ake tashi da shi. A kankare ta ranar Asabar, kafin Juma'a ta dawo.

Mai kiwo yakan ɗora laifin a kan ruwan rijiyarsa, ko a kan wanda ya sayar masa da 'ya'yan kifi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Gansakuka tsiro ce, kuma abin da ke raya gero shi ke raya ta: hasken rana da taki. Rana dai Allah Ya hore mana ita. Takin kuwa mai kifin ne da kansa ke zuba shi safe da yamma, bai sani ba.

Ga lissafin. Buhun abincin tarwaɗa mai kilo 15 yana ɗauke da sinadarin naitirojin da ya kusa kilo ɗaya. Abin da kifi ke mayarwa tsoka a ciki bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Ragowar tana komawa ruwa, wani ta kashin kifi, wani a matsayin amoniya da ke fita ta gaɓar numfashinsa, wani kuma ƙwayoyin abincin da suka nutse ba a ci ba. Idan aka auna wannan ragowa da takin yuriya, ta kai kusan kilo ɗaya da rabi a kowane buhu, ban da fosfaras da ke tafe da ita. Manomin da zai zuba wannan a fili mai faɗin ɗaki ɗaya ya san abin da zai tsiro. To ina ga wanda ke ƙara wa kifinsa hanjin kaji da jinin mayanka saboda tsadar buhu? Ban ga laifinsa ba, abinci ya yi tsada. Amma ya sani cewa duk abin da kifi bai cinye ba, gansakuka ya ciyar.

Ba kowane kore ne abin tsoro ba. Ruwan da ya yi kore kaɗan alheri ne: yana shanye amoniya, yana yi wa kifi inuwa, karfasa ma abincinta ne, shi ya sa masu kiwonta a kandamin ƙasa suke zuba taki da gangan. Awon da masu kiwo ke yi ba ya buƙatar na'ura. Ka tsoma hannunka a ruwa. Idan sai ya nutse zuwa gwiwar hannu kafin tafinka ya ɓace maka, ruwan yana kan daidai. Idan kuwa tun ruwa bai wuce wuyan hannu sosai ba ka daina ganin yatsunka, ya yi kauri.

Haɗarin kaurin da asuba yake bayyana. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin, har ka ga ƙananan kumfa na maƙale a jikin bango. Da rana ta faɗi sai ta daina, ta koma shaƙar iskar tare da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da dattin ƙasa. Duk dare ana ɗiba ba a ƙarawa. Zuwa kiran assalatu iskar ta yi ƙasa ƙwarai, sai ka iske kifi sun taru a sama suna hangame baki, sun ƙi abinci. Abin ya fi muni a bazara, watan Afrilu da Mayu, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Babbar tarwaɗa tana jurewa, saboda Allah Ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Wannan juriyar ce ke yaudarar masu kiwo. Kifin bai mutu ba, amma ba ya girma, kuma 'ya'yan da ba su yi ƙwari ba da karfasa ba su da wannan gata. Wanda ke leƙa kandaminsa da hantsi kawai ba zai taɓa ganin wannan ba. A fito da tocila bayan sallar asuba.

Akwai kuma ranar da gansakukar ke mutuwa gaba ɗaya, galibi bayan kwana biyu ko uku na hadarin Agusta ko hazo mai kauri. Ruwa ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa ko toka-toka, ya soma wari. Ruɓewarta ke cinye ɗan iskar da ta rage. A nan ne nake jan kunnen masu neman maganin feshi. Sinadarin da ake sayarwa don kashe gansakuka, musamman mai jan-ƙarfe a ciki, wannan ranar yake jawowa da gangan, kuma shi kansa dafi ne ga kifi idan awo ya kuskure. Bayan mako biyu takin da gawarta ta saki zai tayar da sabuwa.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Turai da Amurka akwai masu kiwon murjani mai rai da kifin teku a akwatin gilashi cikin falo, da ruwan gishiri da fitilu masu tsada. Babban kukansu gansakuka ce mai zare da ke lulluɓe duwatsu. Bayan duk kuɗin da suke kashewa, maganin da suka tsaya a kai shi ne rage abinci, rage awannin haske, sauya wani kaso na ruwa a kai a kai, da sanya dodon koɗi da kifaye masu kiwonta. Teku ma ta nuna hakan. A 1983 zuwa 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wata halitta mai ƙaya, bushiyar teku, a yankin Karibiyan. Ita ke cin gansakuka a kan murjani, kifayen da ke taya ta kuwa masunta sun riga sun kwashe. A gaɓar Jamaika, murjanin da ya rufe kusan rabin ƙasan ruwa a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990. Gansakuka ta gaje wurin.

Mai kandami a Balan zai iya bin dabarun masu akwatin gilashi da abin da ke tsakar gidansa. Ya kafa rumfar zana ko asabari ta rufe rabi ko fiye na kandamin. Ya riƙa watsa abinci kaɗan-kaɗan yana tsaye, da ya ga kifi sun sassauta wawaso ya dakata, ko da awon bai ƙare ba. Ya zuƙe dattin ƙasa da tiyo, domin can takin ke kwance, ya sauya kashi ɗaya bisa uku na ruwa maimakon ya jira ya yi wari ya zubar duka. Mai zare kuwa a naɗe ta da sanda a fitar da ita waje, musamman inda ƙananan kifi suke, don tana sarƙe su. Kankare ta a bar ta cikin ruwa aikin banza ne. A kandamin ƙasa 'yan karfasa masu girman da tarwaɗa ba za ta haɗiye ba suna taimakawa. Ruwan da aka fitar kuma kada a sake shi a lungu ya tara sauro ya haɗa ka da maƙwabta. Taki ne, a kai shi gindin zogale da alayyafo.

Wadda ta fi ba ni tsoro ba a kandami take ba, a kududdufi take. Ita ce mai taruwa a gefen da iska ke kaɗawa, kamar an zubar da koren fenti, wani lokaci da shuɗi-shuɗi da warin ƙasa. Masana sun ce wannan ƙwayoyin bakteriya ne, kuma wasunsu na fitar da dafi mai lalata hanta. A 2020 hukumomin Botsuwana sun danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da irin wannan ruwa. A Agustan 2014 an hana mutum kusan 400,000 shan ruwan famfo na kwana uku a birnin Toledo na Amurka saboda ita. Tafasawa ba ta kashe wannan dafi, kuma ido ba ya bambance mai dafi da marar dafi. Takin gona da ruwan sama ke wankowa, da kashin dabbobin da ke shiga sha, su ke ciyar da ita. Makiyayin da ya iske wannan fentin a mashaya a tsakiyar rani gara ya wuce da garkensa gaba, ko ya ja musu na rijiya. Yara ma a hana su wanka a ciki, kada kuma a ja ruwan a zuba wa kifi.

Ta tankin ruwan sha da jarkoki ita ce mafi sauƙi, tunda a nan haske kaɗai za a tare. Baƙin tanki mai murfi ba ya barin ta tsiro, farin da rana ke ratsawa kuwa sai an yi masa fenti mai duhu ko rumfa. Jarkar da cikinta ya yi kore a zuba mata tsakuwa da ruwan sabulu a girgiza, a ɗauraye sosai, a daina ajiye ta a rana.